Zurfin kasuwar kuɗi: mu daina auna kogi da faɗinsa kawai

Duk wanda ya taɓa kwana a kasuwar Mile 12 ta Legas yana jiran tirelar tumatir daga Kano ko Zariya ya san abun da ake nufi da kasuwa mai zurfi, ko da bai taɓa jin kalmar a bakin masana ba. Ranar da motoci suka shigo da yawa lokaci guda, in kasuwa ta shanye kayan farashi bai faɗi warwas ba, to tana da zurfi. In ko mota biyar kacal suka ƙaru kwando ya koma rabin kuɗinsa, to girman fili ne kawai. Haka ɗan canji a Broad Street, tambayar ita ce nawa zai iya canza maka yanzu-yanzu ba tare da ya ce sai ya sake farashi ba.

Da wannan idon nake so mu riƙa kallon kasuwar kuɗi ta Najeriya, domin wallahi yadda ake ba mu labarinta yana damuna. Kullum girma ake faɗa mana. A Janairun 2024 ma'aunin kasuwar hannun jari ta NGX ya haura maki 100,000, ma'aunin da aka fara a 1984 da maki 100, aka yi ta murna. Kuma gaskiya an yi tafiya, tunda kasuwar nan da aka kafa a Legas a 1960 ta fara ciniki ne a 1961 da takardun jari 19 kacal. Amma a watan Maris na 2008, kafin kasuwar ta rufto, darajar hannayen jarin da ke cikinta ta kai wajen naira tiriliyan 12 da ɗoriya, lokacin dala ba ta kai naira 120 ba, kenan sama da dala biliyan 100. A farkon 2024 darajar ta haura tiriliyan 50 a naira, sai dai bayan sakin naira da aka yi a Yunin 2023 in ka juya kuɗin zuwa dala ba su kai na 2008 ba. To wanne za mu ɗauka, mun ci gaba ko mun koma baya?

Masana sukan raba darajar kasuwar da GDP, wato jimillar abun da ƙasa ke samarwa a shekara, haka ma bashin da bankuna ke ba 'yan kasuwa, don a ga kaso nawa ne. Ma'auni ne mai kyau amma shi ma yana da tarko. A Afrilun 2014 hukumar ƙididdiga ta sake lissafin GDP, ta mayar da shekarar tushe daga 1990 zuwa 2010, sai tattalin arzikin 2013 ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa kusan 510 a rana ɗaya. Babu bankin da ya rage rance ranar, babu kamfanin da ya fice daga kasuwa, amma a takarda zurfin namu ya kusa raguwa da rabi. Duk wanda zai kwatanta shekara da shekara bai gyara tsofaffin alƙaluma da sabon lissafi ba, yaudarar kansa yake yi, kuma ni a ganina bai kamata jarida ta buga irin wannan kwatance ba.

Sai kuma maganar su waye a cikin kasuwar. Dangote Cement ya shiga a 2010, MTN da Airtel suka shiga a 2019, kowace shiga darajar kasuwa ta yi tsalle, kuma abu ne mai kyau. Amma 'yan kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kaso mai tsoka, kuma yawancin hannayen jarin wasu daga cikinsu suna hannun masu kamfanin, ba sa yawo. Shi ya sa nake ganin yawan cinikin da ake yi kullum, da yadda mutum zai iya sayar da jari mai yawa farashi bai karye ba, sun fi jimillar daraja faɗin gaskiya.

Inda abun ya fi ci min rai shi ne bashi. A 2004 zuwa 2005 Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin da banki zai riƙe daga naira biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka koma 25, kuɗi suka yi yawa, aka riƙa ba mutane rance su sayi hannun jari har ta kai a 2009 Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin wasu bankuna, a 2010 aka kafa hukumar AMCON ta kwashe munanan basussukan bankuna. A Maris 2024 Babban Banki ya sake cewa manyan bankuna su kai jarinsu biliyan 500. Duk da haka dillalin shanu a mayankar Oko-Oba ta Legas ko mai albasa a Mile 12 da ke juya miliyoyi a sati, har yau adashi da bashin amana tsakanin 'yan uwa ne jarinsa, wasu saboda tsoron kuɗin ruwa, wasu don ba su da takardar fili da banki zai riƙe. Kuɗin fansho da aka fara tarawa tun dokar 2004 kuwa, mafi yawansu takardun bashin gwamnati ake saya da su.

Sukuk, wato takardar jari marar kuɗin ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don gyaran hanyoyi, da buɗe bankin Jaiz marar kuɗin ruwa a 2012, sun nuna akwai kuɗin da ke waje suna jiran ƙofar da ta dace da aƙidar masu su. Ina so Babban Banki da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari su riƙa fitar da alƙaluma duk shekara da ma'auni ɗaya da ba ya canzawa, a naira bayan cire hauhawar farashi da kuma a dala, su nuna mana rance nawa ya je ga ƙananan 'yan kasuwa jiha-jiha, da mutum nawa ne suka saya ko suka sayar da hannun jari a cikin shekarar, ba masu asusun da suka buɗe tun 2007 suka manta da shi ba.