Ba Kowane Kumburin Ido Ne Apolo Ba

Wai don Allah me zai hana ma'aikacin lafiya ya ɗaga fatar idon yaro ya duba kafin ya rubuta magani? An kai ɗan ƙanwata asibiti ido ya kumbura suntum, jiki zafi rau, in ya juya ƙwayar idon sai ya ƙwalla ƙara. Wanda ke bakin aiki ko tashi daga kujera bai yi ba. Daga nesa ya leƙo, ya ce apolo ne, ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce a shigo da na gaba.

Apolo a ina? Apolo jan ido yake sawa, da ƙaiƙayi da kwantsa. Ba ya turo ido waje, ba ya sa mutum ya riƙa ganin abu ɗaya biyu-biyu. Na yaron nan kuwa ciwo ne a can cikin gurbin ido, bayan ƙwayar, kuma galibi daga kogon hanci yake tsallakowa idan mura ta daɗe, don ƙashin da ke tsakaninsu siriri ne kamar takarda. Ƙwayoyin cuta su shiga, su tara mugunya, su matse jijiyar gani. To ta yaya ɗigon da ke tsayawa a saman ido zai isa can?

Kuma abin yi ba ɓoyayye ba ne. A kwantar da yaro, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a ɗauki hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin kai, a riƙa gwada ganinsa akai-akai, in mugunya ta taru a yi tiyata a fitar da ita. In aka yi sake, ido ya tafi ke nan ba dawowa, ko cutar ta zarce ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau.

Da muka koma, ido ya rufe ruf, sai wata nas ta dubi uwar ta ce, "Ku iyaye sai abu ya lalace kuke kawo yaro." Wallahi da kyar na haɗiye abin da ya zo bakina. Wa ya sallame mu tun farko?

Sannan aka shiga yawo da mu. Na'urar hoto ta lalace, ku nemi wani wuri. Likitan ido kuwa sai ranar kilinik. Ita mugunyar an sanar da ita ta jira ranar kilinik ne?