Ranar da ramin azurfa ya riƙe mini tumbi

Duk laifin Auta ne, kuma ya sani. Ni Prag, babban birnin ƙasar Czech, kawai na je duba shi, in kai masa kilishi da yajin da Hajiya ta daka, sai ya kafe wai lallai mu leƙa Kutna Hora. Tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi 20,000 da 'yan kai ba, tsit kamar mutuwa ta gifta.

Tun a jirgi yaron nan yake mini lacca. A da garin har da Prag ya yi gogayya saboda azurfar da ke ƙarƙashinsa, a nan ne Sarki Vaclav na biyu ya fara buga sulallan azurfa a 1300, har daga Italiya ya ɗauko gwanayen aikin. Babban cocinsu na Barbara, waliyyiyar masu haƙar ma'adinai, an aza harsashinsa a 1388, ba a kammala ba sai 1905. Na ce ashe ba mu kaɗai ke da kwangilar da ba ta ƙarewa ba. Akwai kuma wani ɗan coci a unguwar Sedlec da aka yi wa ado da ƙasusuwan mutane wajen 40,000. Wannan kam na ce a kai kasuwa.

To sai ramin haƙar azurfa. Aka ba kowa farar riga, hular kwano da fitila. Tawa rigar ta ƙi haɗuwa a gaba, da ina da wayo ai nan zan juya. Jagoran ya ce akwai inda faɗin hanyar bai wuce santimita 40 ba. Na dubi cikina, na dubi Auta. Ya ce, "Haba Yaya, ai za ka wuce."

Muka gangara. Sanyi, ruwa na ɗiga, hulata na ƙwal-ƙwal da dutse. Da muka iso wurin na juya na shiga a karkace, kafaɗa ta wuce, ƙirji ya wuce, tumbi ya ce nan ya ga wurin zama. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Mutum goma sha wani abu a bayana, kowa ya hasko ni da fitilarsa kamar an kama ɓarawon akuya. Jagoran ya yi ta nuna mini in fitar da numfashi, ni kuwa a ruɗe sai na zuƙi iska, na ƙara cika ramin. Auta ya sa kafaɗa zai tura ni, dariya ta kashe masa jiki ya durƙusa. Ina ta salati, ina tunanin wai mutanen da suka sassaƙe dutsen nan da guduma da kurfi shekaru ɗaruruwa ba su taɓa kawo irina a ransu ba.

Sai ga wata tsohuwa daga gaba, siririya kamar tsinken tsire. Jikokinta ma sun isa aure. Kafin ta kama hannuna sai da ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa cikina sau biyu, kamar mai zaɓen kankana a kasuwa, ta ce "knedlik". Ramin duka ya ɗauki dariya. Ta fizge ni, na fito fit kamar murfin kwalba, maɓallin wandona ya yi nasa waje.

Sai da muka fito Auta ya gaya mini knedlik wani curin fulawa ne da suke dafawa su yanka su ci da romo. Curin fulawa! Ni da ko matata ba ta taɓa mini haka a gaban mutane ba. Taimakon dai na gode, amma ƙwanƙwasar ta mece ce? Kuma ba ta ƙyale ni ba. A tashar jirgi muka sake haɗuwa, tana hango ni ta kumbura kumatu ta ɗaga mini hannu, ta taɓo ƙawarta ta nuna ni. Na yi kamar ina karanta allon lokutan jirgi, alhali ko harafi ɗaya ban gane ba.

Auta ya rantse bai ɗauki bidiyo ba. Kafin mu isa Prag Hajiya ta kira, ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta ce, "Kilishin nan dai ya isa hannun yaron nan kuwa?"

Wandon ma da igiyar cajar waya na ɗaure shi har gida, cajar kuma ta Auta ce, ban mayar masa ba.