Ranar da na yi wa alƙalin wasa gardama a Bronx

Ranar Asabar na raka autana wasan besbol a filin unguwarmu a Bronx, cikin birnin New York, ni da ban san komai a wasan ba sai ɗan abin da na tsinta a talabijin. Yaran ƙungiyarmu biyu suna tsaye a tasha ta ɗaya da ta biyu, wato wuraren da masu gudu ke tsayawa, an riga an fitar da mutum ɗaya, sai autana ya buga ƙwallo ta yi sama, ta faɗo ƙasa tim tsakanin masu tsaro biyu ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Tun tana sama alƙalin wasa ya ɗaga yatsa yana kiran "infil fulai", wai an fitar da ɗana.

Na miƙe tsaye da kofin shayi a hannu, na tambaye shi da ƙarfi ta yaya za a fitar da yaro a kan ƙwallon da ba a cafe ba. Na kawo misalin satar gida a ƙwallon ƙafa, wanda har yau ban san abin da ya haɗa su ba, kuma da Turancina ya ƙare sai na ci gaba da Hausa. A nan ne wata yarinya da ba ta wuce shekara 11 ba, safar hannunta ta fi kanta girma, ta matso jikin waya tana taunar cingam, ta yi mini bayani a tsanake kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya baƙi. Ta ce dokar ai yaranmu take karewa, domin idan babu ita, mai tsaro zai iya sakin ƙwallon da gangan, ya tilasta wa masu gudu barin tasharsu, ya fitar da biyu a lokaci guda. Iyaye suka yi tsit, shayin ya zube mini a gaban kaftani, autana kuwa ya jawo hularsa har kan hanci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Alhajin Kumasi, wanda ke kusa da ni a wurin kallo. Shi ne ya riƙa zunguri na yana cewa, "Malam, kada ka yarda!" Da yarinyar ta gama, sai ya gyara zama ya fara ba mutane labarin wasan ƙungiyoyin Braves da Cardinals na watan Oktoba 2012 a Atlanta, inda alƙalin wasa Sam Holbrook ya yanke irin wannan hukunci, 'yan kallo suka yi ta jifa da kwalabe har aka tsayar da wasa na minti 19. Ashe ya san dokar sarai, har sunan alƙalin ya haddace, ya bar ni ina ta zuba.

A mota autana ya ce mako mai zuwa mahaifiyarsa ce za ta kai shi. Alhaji kuma, wanda na rage wa hanya, bai fasa tambayata ko na gane ba har muka iso ƙofar gidansa.