Abin da ke cikin littafi ba shi kaɗai ne tarihi ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk abin da aka rubuta na tarihi gaskiya ne tsantsa, na baka kuwa tatsuniya ce. Ba haka ba ne, kuma tarihin Kabi ya isa shaida.

Yawancin abin da muke karantawa kan faɗuwar Birnin Kebbi a 1805 ya fito ne daga alƙalamin waɗanda suka ci yaƙin. Muhammadu Bello, mai littafin Infaƙul Maisuri, babban malami ne, amma da shi aka yi jihadin Shehu Ɗanfodiyo, wanda a cikinsa aka ci birnin. Abin da ya gani ya rubuta, daga inda yake tsaye. Ka je Argungu, inda sarautar Kabi take yanzu, ka zauna da dattawa ko makaɗan fada, za ka ji labarin Kabawan da suka ƙi miƙa wuya, irin su Yakubu Nabame, a wata murya daban. Su ma fa suna da nasu son rai, don maroƙi ba ya faɗin ranar da ubangidansa ya gudu.

Shi ya sa masana ke gwama biyun, su haɗa da abin da ido ke gani, kamar ganuwar duwatsu ta Surame, birnin Kanta da ya kafa daular Kabi, wadda har yau ragowarta na nan tsaye.