Ambato dubu 200 na Acemoglu: a buɗe teburin kafin a yanke hukunci

Tun da aka bai wa Daron Acemoglu, Simon Johnson da James Robinson kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2024, duk muhawarar da aka tayar kan dalilin talaucin Afirka sai wani ya liƙo hoton shafin Acemoglu na Google Scholar, ya ce ga ambato, wato yawan lokutan da wasu masu bincike suka ambaci rubuce-rubucensa a nasu, ya haura dubu 200, wai magana ta ƙare. Jama'a, wannan lamba yawan waɗanda suka tsaya a ƙofar gidan mutum kawai take nunawa. Ba ta bambance mai zuwa gaisuwa da mai zuwa bin bashi.

Google Scholar na ƙirga kusan duk abin da injinsa ya tsinta a intanet: maƙalun mujallu, littattafai, kundin ɗalibai, har daftarin da ba a tantance ba. Scopus da Web of Science, wasu rumbunan ƙirga ambato, sun taƙaita ga abin da ke cikin rajistarsu, shi ya sa mutum ɗaya zai fito da lambobi uku mabambanta, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, ma'anarsa mai sauƙi ce: idan h ɗinka 40 ne, kana da rubuce-rubuce 40 da aka ambaci kowanne aƙalla sau 40. Ba ya raguwa ko da an gano kuskure a aikinka. Mai yabonka da mai ƙaryata ka duk maki ɗaya suke ba ka.

Mu ɗauki maƙalar da ta fi ɗaukaka sunan mutanen uku, wadda ta fito a mujallar American Economic Review a 2001. Tambayarta ita ce: kyawun dokoki da hukumomi ne ke kawo arziki, ko arziki ne ke gyara hukumomi? Tunda kowanne na iya haifar da ɗan'uwansa, sai suka nemi wani abu na uku daga tarihi, wato yawan mutuwar Turawa a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. Inda Bature ke rayuwa lafiya, kamar Ostireliya da Amurka, ya zauna ya kafa dokar kare dukiya. Inda zazzaɓi ke kashe shi, kamar Afirka ta Yamma, ya kafa tsarin tatsa ya kwashe ya tafi, kuma tsarin ya wanzu bayan samun 'yanci. Sun gwada wannan a ƙasashe 64, da kuɗin shigar kowane mutum na 1995, da wani maki daga 0 zuwa 10 na hatsarin gwamnati ta ƙwace dukiyar mai zuba jari. Dabarar tana da kyau, ba na musu.

Sai dai a buɗe teburin alƙaluman mace-macen da suka yi amfani da shi. An bai wa Ostireliya 8.55 cikin kowane mutum 1,000 a shekara, Amurka 15, Nijar 400, Gana 668, Najeriya 2,004, Mali 2,940. Yaya za a yi mutum 2,940 su mutu cikin 1,000? Amsar ita ce, annobar shawara ta kashe kashi 49 cikin 100 na wata rundunar Faransa a yammacin Mali cikin wata biyu a 1878. Aka ɗauki 490 aka ninka sau shida don a mai da shi lissafin shekara. Watanni biyu na annoba su ne suka tsaya a madadin ƙasa guda.

Masanin tattalin arziki David Albouy ne ya bi waɗannan alƙaluma ɗaya bayan ɗaya, sukarsa ta fito a wannan mujallar a 2012, shekara goma sha ɗaya bayan asalin aikin. Ya nuna cewa ƙasashe 36 cikin 64 ba su da alƙalumansu na kansu, aro aka yi musu daga wasu ƙasashe. Ya kuma nuna an cakuɗa sojan da ke zaune a bariki da sojan da ke fagen yaƙi, alhali na fagen yaƙi ya fi mutuwa da cuta ko'ina yake, kuma alƙaluman Afirka sun fi karkata ga na yaƙi. Na Latin Amurka kuwa an gina su ne kan mutuwar bishop-bishop. Acemoglu da abokansa sun mayar da martani, suka ce idan aka datse duk lambar da ta haura 250 aka tsayar da ita a 250, sakamakon na nan, kuma zubar da ƙasashe 36 zubar da bayani ne mai amfani. Martanin yana da ƙarfi. Amma wanda ya karanta ɓangarorin biyu ba zai ƙara faɗin sakamakon da irin gadarar da ake faɗinsa a Facebook ba.

Akwai kuma suka ta wani fanni. Masanin tattalin arziki Edward Glaeser da abokan aikinsa sun ce a 2004 Baturen da ya zauna ya zo da ilmi da makarantu, ba doka kaɗai ba. Wani masanin tattalin arzikin, Jeffrey Sachs, ya ce cizon sauron da ya kashe Bature har yau yana kwantar da manomi, don haka cutar na rage arziki kai tsaye. Idan ɗayansu ya yi daidai, dabarar ta samu ɓaraka, domin sharaɗinta shi ne mutuwar Turawa ba ta shafi arzikin yau ta kowace hanya ba sai ta hanyar hukumomi. Duk waɗannan masu suka suna cikin dubu 200 ɗin da ake liƙo mana.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin da ya fi kusa da mu bai samu rabin wannan suna ba. A 2014 Acemoglu da Robinson da Tristan Reed sun wallafa bincike kan masarautun Saliyo, inda Ingila ta taƙaita sarauta ga wasu gidaje da ta amince da su. Sun gano cewa masarautar da gidajen sarautarta ba su da yawa, wato gasar neman kujera ta yi ƙaranci, ta fi koma baya a ilmi da lafiyar yara, duk da cewa a nan ne aka fi girmama sarki. Ɗan arewacin Najeriya da ya san yadda Lugard ya yi mulki ta hannun sarakuna ya fi buƙatar wannan maƙala, kuma alƙalumanta daga cikin ƙasa ɗaya suke, ana iya bin diddiginsu.

Malamai masu zama a kwamitin ƙarin girma, idan an kawo muku shafin wani, ku cire littattafan koyarwa, domin ana ambatonsu ne bisa al'ada. Ku cire ambaton da mutum ya yi wa kansa, ku duba ko daftari da bugun ƙarshe na aiki ɗaya an ƙirga su sau biyu. Kada ku ɗauka na farko a jerin sunayen marubutan maƙala shi ne jagora, a tattalin arziki galibi bisa haruffa ake jerawa, shi ya sa Acemoglu ke gaba kusan kullum. Sannan ku zaɓi aikinsa uku da aka fi ambato, ku nemi ko an wallafa suka a kansu, ku kuma tambaya ko ya ajiye alƙalumansa inda wani zai iya sauke su ya maimaita lissafin.