Riƙon jika a Jidda ba irin na Kano ba ne

A Kano ba a ɗora wa kaka tarbiyyar yaro ita kaɗai. Nata aikin daban ne. Ita ke karɓar yaye, ita ke ɓoye wa jika ƙosai a ƙarƙashin faifai, ta kira shi maigidana, shi kuma ya ce ya sake ta tunda haƙora sun zube. Tsawa akwai masu yin ta: baffa a zaure, gwaggo a tsakar gida, malamin makarantar allo da dorinarsa, har maƙwabcin da zai ga yaro na yawo bayan magariba ya kamo kunnensa ya kawo shi gida, a bi shi da godiya. Shi ya sa kaka ke shagwaɓa jika son ranta kuma bai lalace ba.

Nan Jidda ta ƙasar Saudiyya kuwa, yawancinmu gidan bene ne, ɗaki biyu da falo, ƙofa a kulle. Maƙwabcinka ɗan Yaman ne ko ɗan Bangaladash, iyakarku sallama a matakala. Da rana zafi ya hana yaro leƙa waje, da dare gari ya farka, sai ka ga ɗan shekara 6 ido biyu har ƙarfe ɗaya yana latsa waya. Uba ya fita tun asuba, uwa ma ta bi sahu, don tun 2017 aka sa wa baƙi kuɗin zaman iyali, wanda ya fara daga riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai 400 a 2020. Mai mata da yara uku sai ya nemo riyal 1,600 duk wata kafin a zo maganar haya. Wasu sun mayar da yaran gida wurin kakanni. Wasu kuma suka ɗauko tsohuwa da bizar ziyara, aka ce mata, "Hajiya, ga amanarki nan."

To wannan amanar ce nake ganin ba a yi wa kakanni adalci a kanta ba. Tsohuwar da gwiwa ke ciwo, ga hawan jini, ita ce baffa, ita ce gwaggo, ita ce malam. Da safe ta yi wasan jika, da yamma ta ɗaure fuska, yaro ya rasa wacce zai ɗauka da gaske. In ta ce "zo nan", ya amsa mata da Larabci mai sauri, ƙannensa su kwashe da dariya. Na ga wata tsohuwa a unguwarmu ta fara "ga ta nan, ga ta nanku", jikokin suka zuba mata ido, babu wanda ya san ana cewa "ta zo mu ji ta". Gizo bai ko fito daga gida ba suka watse. Ta tuƙa tuwo da miyar kuka, su ce su dai soyayyar kazar gidan abincin Al Baik.

Bulala kuma ba a maganarta. Ƙasar nan na da dokar kare yara tun 2014, akwai lambar 1919 ta kai ƙarar cin zarafi a cikin gida, kuma wanda ke zaune da igama, wato takardar izinin zama, ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma. Ni ban yi kewar dorina ba, Allah ya sani, mun sha ta kuma ba duka ce ta yi amfani ba. Akwai ma abin da yaran nan suka fi na gida: babu talla, babu gararamba, ga zaman haddar Alƙur'ani a masallacin unguwa, ƙaramin yaro ya ja maka sura da tajwidi har ka ji kunyar naka karatun. Amma an cire bulalar ba a mayar da mutanen da ke kewaye da yaro ba, saura tsohuwa ɗaya da carbinta.

Duk da haka, ranar da yaro ya yi wa baƙo rashin kunya, ko ya miƙa gaisuwa a tsaye, sai ka ji uban na cewa, "Inna, ke kike ɓata shi." Uban da bai zauna da ɗansa ba ko ranar Juma'a da ba a aiki! Sai kuma barazanar da na fi tsana: "Ka ci gaba, Najeriya zan mayar da kai." An mai da garin kakanninsa gidan horo ke nan, sannan a dawo ana tambayar tsohuwa me ya sa yaron ba ya son jin Hausa.