Kowa Ya Ba Da Labarin Ciwon Gwaggo, Ban Da Ita

A watan Disamba, a garin da nake zaune a arewacin Ingila, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Kana idar da La'asar, kafin ka gama lazimi Magariba ta kawo jiki. A irin wannan lokacin ne, a shekarata ta biyu a ƙasar nan, wani abu ya sauko mini wanda ban san sunansa ba. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai. Sai dai in farka ƙarfe 3 na dare, ido biyu har asuba. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Waya daga gida ta yi ta ringin ina kallonta, hannuna ya kasa kaiwa. Wanka ya zame mini aiki. Sallah ina yi, amma sai in ji kamar wani ne ke yi, ni ina gefe. Abin da ya fi ci mini rai, ba ni da hujjar da zan kafa: karatu na tafiya, kuɗin haya na biya, mutanen gida lafiya lau. A ƙauyenmu, can tsakanin Ringim da Taura, ni ake nuna wa yara a ce su dage su zama kamar wane.

Sai da na kwashe wata uku kafin na je wurin likita. Ta miƙo mini takarda mai tambayoyi tara, duk a kan mako biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, ko ina ganin kaina a matsayin wanda ya kunyata danginsa. Da ta duba amsoshina ta ce ciwon damuwa ne. Ta rubuta mini ƙwayoyi, ta gargaɗe ni cewa sai an yi makonni kafin in ji aikinsu, ta sa sunana a layin masu jiran ganin ƙwararren da ake zama a tattauna da shi. Ta kuma ce in leƙa laburaren unguwa, domin tun 2013 akwai shiri a Ingila na ware littattafan da likitoci ke tura marasa lafiya su ara. Na je. A kusa da waɗannan littattafan na tarar da wasu iri daban, waɗanda masu ciwon da kansu suka rubuta.

Na farkon da na karanta na wani marubucin Amurka ne, William Styron, mai suna Darkness Visible, wanda ya fito a 1990. Ciwon ya kayar da shi a 1985, yana da shekara 60, har ya tsananta masa a birnin Paris inda ya je karɓar lambar yabo. Mutum yana tsakiyar ɗaukaka, duniya na tafa masa, shi kuwa yana nutsewa. A nan na fara ajiye tambayar da ke cina dare da rana, wato "to kai me ka rasa?" Ya kuma yi ƙorafi cewa sunan da Turanci ya ba ciwon ya yi masa sauƙi ƙwarai. Mu ma haka ne. Kalmar damuwa da ita muke kiran halin wanda akuyarsa ta ɓata, da ita kuma muke kiran abin da ke kwantar da ƙato shekara guda a ɗaki. Shi ya sa in ka ce kana da ciwon damuwa sai a ce maka ai kowa ma yana da ita.

Na biyun shi ya girgiza ni. Meri Nana-Ama Danquah, haifaffiyar Ghana da ta tashi a Amurka, ta fitar da Willow Weep for Me a 1998, inda ta bayyana yadda ake ɗauka cewa baƙar mace juriya ce da ita, wannan ciwon na wasu ne daban. Ina cikin karatun, sai na ga na daina ganin marubuciyar, Gwaggo nake gani, ƙanwar mahaifina, zaune a gindin rumbu ta juya wa tsakar gida baya.

Ina ɗan shekara goma abin ya same ta. Ta haihu na huɗu, an yi suna, an gama wankan jego lafiya. Bayan arba'in sai ta tsaya cik. Matar da in tana daka har maƙwabta ke gane luguden taɓaryarta, ta koma ba ta ko share ƙofar ɗakinta. Kowa ya zo da fassararsa. Dangin mu suka ce kishiya ce ta yi mata sammu. Tsofaffin unguwa suka ce iska ce ta tsamiyar bakin rijiya, don ta fita da almuru da ɗanyen jego. Mijinta ya ce baƙin hali ne da son jiki. Mai kemis ya ce taifot ne da ulsa, ya yi mata ƙarin ruwa. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi ruƙiyya. Awaki biyu Baba ya kora kasuwar Gujungu don a biya kuɗin magani. Asibitin masu taɓin hankali na Kazaure yana nan, na Dawanau yana nan, amma babu wanda ya ko ambace su, saboda ai Gwaggo ba ta jifa, ba ta yaga tufa, kuma gidan da aka ce an kai 'yarsu can, sauran 'yan matan gidan ma sai sun sha wuyar samun miji. Auren ya mutu. Ta dawo gidanmu, ta yi kusan shekara biyu kafin ta fara dawowa daidai, sannu a hankali.

Na ji labarin wannan ciwo daga baki biyar ko shida. Daga bakinta ban taɓa ji ba, kuma iya sanina babu wanda ya zauna ya ce mata, "Me kike ji a ranki?" Ana tambayarta jiki, ta ce da sauƙi. Shi ke nan.

Ba zan ci amanar ƙauyenmu ba. Tsawon wannan lokaci Gwaggo ba ta kwana ita kaɗai ba ko sau ɗaya. Inna ce ke dama mata fura ta zauna a kanta sai ta sha. Jaririyar daga wannan baya zuwa wancan take, har ta yi wayo ba ta san uwarta ta yi jinya ba. Da hantsi mata su kawo gyaɗarsu su zauna kusa da ita suna ɓara, suna hirarsu, ko ba ta tanka ba. Ni kuwa a nan na taɓa yin kwana tara a ɗaki babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wannan arzikin na jama'a shi likitan ƙwaƙwalwar nan ɗan Najeriya, Dokta Thomas Adeoye Lambo, ya hango tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta, lokacin da ya riƙa saukar da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa a gidajen ƙauyawa tare da danginsu ana yi musu magani. Kuma a cikin littattafan nan na Turawa akwai abin da raina ba ya so: wasu sai sun yi wa iyayensu da matansu tonon silili kafin su kai ga maganar ciwon. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yarda da wannan har gobe.

Amma rufin asirin dangi daban, toshe bakin mara lafiya daban. Haƙuri babban abu ne, sai dai mun mayar da kalmar ƙyauren da muke rufe zance da shi. Mutum ya fara buɗe baki, sai a ce yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga uku, ka yawaita istigfari. Wani ma ya ƙara da cewa raunin imani ne. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi mini illa, don na yi watanni ina zargin kaina da ita. Alhali Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu, ya kuma furta cewa yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sama da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke faɗo wa mutum ba sanadin da ake gani, ya ce shi wannan na biyun yana da nasaba da jiki, yana buƙatar magani. Ni ina shan ƙwayoyina, ina kuma karanta addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki safe da yamma. Ban ga inda suka yi karo ba.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo, mata sun fi yawa, kuma cikin masu ciki da masu jego fiye da ɗaya cikin goma na gamuwa da shi. A Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Wato ƙauye irin namu zai daɗe bai ga ƙwararre ba. Labari ba ya maye gurbin likita, kuma duk wanda ya fara zancen ya gaji da rayuwa, ranar ce ranar kai shi asibiti, ba gobe ba. Amma labari ne ke sa mutum ya gane abin da ke damunsa yana da suna, har ya yarda ya nemi magani. Ni da ban karanta waɗannan mutane ba, da na watsar da ƙwayoyin tun a mako na biyu.

To ina namu? Tarihin rayuwar da muke rubutawa da Hausa galibi na manya ne: an haife shi, ya yi makaranta, ya riƙe muƙami kaza. Marubutanmu mata na Kano suna taɓo ciwon zuciya sosai, amma a bayan labulen ƙagaggen labari. Kuma ba wai ba mu iya ba ne. Tsakanin 1949 da 1950 wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa, aure da kishi da bori da harin bayi, aka buga shi da Turanci a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ba ta yi boko ba. Yanzu ma ba sai an buga littafi ba. Matan ƙauyenmu suna sauraren rediyo suna tankaɗe, suna tura wa juna saƙon murya a WhatsApp. Mace ɗaya da ta warke, ta yi minti goma tana faɗin yadda abin ya yi mata da Hausar Jigawa, a sakaya sunanta, za ta kai inda takardar tambayoyi tara ba za ta taɓa kaiwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi maƙwabcinsa zai fi gaskatawa.

Da azumin bana na kira wayar ɗanta na ce a ba ni Gwaggo. Bayan gaisuwa, ban tambaye ta komai ba, nawa na fara ba ta, tun daga farkawar dare har zuwa wayar da nake kasa ɗauka. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai ta ce, "Ɗan nan, ashe kai ma?" Ta yi magana ta fi rabin sa'a. Ta ce ji take kamar an kifa mata tukunya a ka, tana jin muryoyin mutane daga nesa. Ta ce jaririyar na kuka, zuciyarta na cewa ɗauke ta, hannunta ya ƙi tashi, kuma wannan shi ne abin da ta kasa yafe wa kanta shekara da shekaru. Ta ce ita ta roƙi Inna a asirce kada a bar ta ita kaɗai da dare, don tana tsoron abin da ranta ke raya mata. Na gaya mata abin da likita ta gaya mini, cewa ciwo ne sananne, yana kama masu jego da yawa, ba laifinta ba ne. Na ji tana jan hanci.

Ta yarda in rubuta wannan, da sharaɗin kada in kama suna. Kafin mu yi sallama ta tambaye ni ko ina cin abinci yanzu, na ce ina ci. Sai ta ce akwai wata yarinya a gidan da ke bayan namu, haihuwar fari, tun da aka yi suna take zaune shiru, har an fara cewa iska ce. Ta ce gobe in ta idar da walaha za ta leƙa ta.